Ƙuri'un da Aka Ɗaure a Tudun Marke

Litinin, 6 ga Oktoba, 7:15 na safe

Ranar Asabar Alhaji Aminullahi ya dawo min da rubutun. Babi shida ne. Biyar ya yi musu alamar daidai da jan biro. Na huɗu kuwa kusurwar shafinsa na farko kawai ya naɗe, bai rubuta komai ba. Shekara goma sha ɗaya na yi a ɗakin labarai a Kaduna kafin jaridarmu ta rufe, na san halin masu gyara. Wanda ya cika maka takarda da zane-zane so yake labarin ya fita. Wanda ya naɗe kusurwa ya yi shiru, jira yake ka cire da hannunka.

Bari in tsara abin yadda yake, don in ya rikice nan gaba in san daga inda aka faro. Ƙungiyar 'yan asalin Tudun Marke mazauna Dubai tana neman a maido da tsohuwar mazaɓarmu, wadda aka rushe tun zamanin larduna. Alhaji ne shugaba. Shi ne kuma mai kamfanin kago, wato jigilar kaya, da nake wa aikin takardu a unguwar Port Saeed nan Dubai, bizata a ƙarƙashin kamfaninsa take. A watan Maris ya ce tunda ga 'yar jarida zaune tana cike takardun kwantena, in rubuta tarihin mazaɓar a haɗa da takardar koke. Na ce to, amma abin da na samu shi zan rubuta. Ya yi dariya ya ce, "To da me za ki rubuta, Malama Murjanatu? Abin da ba ki samu ba?"

Babi na huɗu shi ne zaɓen 1961. Kakansa ne aka ce ya ci.

Talata, 7 ga Oktoba, 1:40 na rana

Bai ta da maganar ba. Ya sa an kawo wa duk ofis shinkafar biryani, ya tambaye ni ƙafar Inna, mahaifiyata. Na ce da sauƙi. Babi na huɗu yana nan.

Laraba, 8 ga Oktoba, 6:30 na yamma

A tsaye na dawo cikin metro tun daga Deira har Karama, ina bitar abin da na tabbatar kamar mai tilawa.

Shekara bakwai mazaɓar Tudun Marke ta yi a duniya. An yanke ta a 1956: garin kansa, ƙauyukan kan dutse goma sha ɗaya, da rugagen bakin rafi. Zaɓe uku ta gani. A na farko ba a jefa takarda ba. Masu biyan haraji suka fitar da wakilai, wakilan suka riƙa shiga ɗaki ɗaya bayan ɗaya suna raɗa wa malami sunan wanda suke so. Wani tsohon malamin daji ya ci, ya rasu bayan shekara biyu. A na cike gurbi, 1958, Malam Mika'ilu, kakan Alhaji, ya tsaya shi kaɗai. Na uku shi ne na 1961, karo na farko da aka kawo akwati. Kowane ɗan takara da nasa akwatin a bayan zana, da hoton alamarsa a jiki: fitila ta Malam Mika'ilu, almakashi na Jatau Tela. A miƙa maka takarda, ka shiga kai kaɗai, ka jefa inda ranka ya so. Maza zalla. Mata suna gida suna jiran labari.

Sakamakon da aka buga: fitila 2,903, almakashi 1,967. A 1963 aka raba mazaɓar biyu, aka liƙa kowane rabi a jikin maƙwabciya. Tun ina yarinya ake ce mana don mun yi kaɗan ne. Na duba ƙidaya. Mazaɓu huɗu a lardin ba su kai mu yawa ba, kuma ba wanda ya taɓa su.

Majiya biyu gare ni kan abin da ya faru a ɗakin ƙirga. Ɗaya takardar koken da Jatau Tela ya rubuta, wadda wata tsohuwar abokiyar aikina ta ɗauko min hotonta a gidan adana takardun tarihi. Ɗayar Baba Sati, wanda ya ƙirga ƙuri'un da hannunsa. Ranar Asabar zan koma wurinsa. Ba shakka nake ba. Mai shirin kokawa yakan sake ɗaure walkinsa.

Asabar, 11 ga Oktoba, 5:20 na yamma

Baba Sati shekararsa tamanin da shida. Ɗansa Harrison, mai gyaran lifta a wani kamfani a Al Quoz, shi ya kawo shi a cire masa yanar ido. Layi biyu ne tsakanin gidansu da namu. An yi ido ɗaya, saura ɗaya. Na same shi a bakin taga yana ƙirga tantabaru da sabon idon.

"Kin sake dawowa, 'yata? Ko kin zo ki ji ko labarin ya canza tunda aka wanke min ido?"

"So nake ka sake faɗa min daga farko, Baba. A hankali."

"Harrison, kawo mata shayi. Wannan 'yar sanda ce, ba 'yar jarida ba."

Ga abin da ya ce, na ɗauka a waya da izininsa.

"Ina ɗan shekara ashirin da biyu, ina koyarwa a firamare, aka ce malamai su zo ƙirga. Muka zauna a aji huɗu, baturen zaɓe a bakin tebur, wakilan 'yan takara a jikin bango. Aka juye akwatunan almakashi, takardu suka zubo a warwatse kamar ganye. Aka juye na fitila, sai muka ji wasu na faɗowa tim, tim. A ɗaure suke, 'yata. Goma-goma, an jera baki ya zo daidai, an zagaye da siririn zaren rama, an yi ƙulli irin na dami. Ɗauri ɗari da arba'in."

Na ce ya sake bayyana yadda aka yi.

"Masu unguwanni suka ce wa mutane, ka shiga, kada ka jefa ko'ina, ka sa takardar cikin hula ka fito da ita, ka miƙa a bayan rumfar mahauta. Wanda bai kawo ba, an san inda ya jefa. Da la'asar sai a raba wa amintattu waɗanda ba su riga sun shiga ba, su ɓoye cikin babbar riga su zuba wa fitila. Dabara ce mai kyau. Kuskurensu ɗaya, manomi suka ba aikin rabon. Manomi ba ya miƙa maka abu a warwatse. Ya ɗaure don kada ko ɗaya ta ɓace, yana zaton za su kwance a ciki. Su kuwa gaba na faɗuwa, ga layi a waje, suka tura su yadda suke."

Harrison ya ajiye shayin yana dariya. "Wato riƙon amana ne ya tona asirin maguɗi."

"Rufe min baki, ba a haife ka ba. Baturen zaɓe ya ɗaga kai ya dubi rufin aji, ya daɗe yana duba. Sannan ya ciro reza daga aljihu ya miƙo min. Ya ce, Malam Sati, yanke ka ƙirga. Na yanke. Kin sa wannan?"

"Na sa, Baba."

"Da sunana?"

"Da sunanka."

"Yawwa. Hannuna ko rawa bai yi ba. Abin da ya fi damuna ke nan."

In an cire 1,400 daga na fitila, saura 1,503. Almakashi ya wuce shi da 464. Ba zan iya cewa duk masu takardun nan Jatau za su jefa wa ba, kuma ban rubuta haka ba. Abin da na rubuta shi ne ba su suka jefa ba. Jatau ya kai koke, ba a saurara ba. Ya ce zai sake tsayawa. Kafin zaɓe ya zagayo, babu mazaɓar da zai tsaya.

Da zan fita Baba ya ambaci sunan manomin, kamar yadda ya yi a zuwana na farko. Na ce na ji. Ya ce, "Na san kin ji."

Lahadi, 12 ga Oktoba, 2:00 na rana

Louisa, ma'aikaciyar jinyar da muke ɗaki ɗaya, ta dawo daga coci ta same ni da takardu baje a kan gado. Ta tsaya da takalmi a hannu.

"Murja, habibti, mutumin nan fa shi ne bizarki. Matattu ba sa sabunta wa mutum biza."

Na ce na sani.

"Ba ki sani ba. Da kin sani da kin yi girki."

Talata, 14 ga Oktoba, 5:45 na yamma

A bakin Creek, mashigin ruwan Dubai, nake rubuta wannan, kan benci, ana loda firji cikin wani jirgin katako. Ban iya shiga metro ba tukuna.

Bayan la'asar Alhaji ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Bai ɗaga murya ba. Ya ce daga ƙauyukan kan dutse zuwa asibiti kilomita arba'in ne, a kan hanyar da ko jaki sai ya yi shawara. Wakili biyu gare mu a majalisa, ba ɗaya da ya taɓa kwana a garin, don a wurin kowannensu mu ragowa ne. Duk wannan gaskiya ne, ni ma na rubuta shi a babi na shida.

"Waɗanda ba sa so a maido mana da ita jira suke. Sai ki miƙa musu babi guda cewa mu ɓarayin ƙuri'a ne?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, za a tambaye mu me ya sa aka rushe ta. In muka ce ƙarancin jama'a, ƙidaya za ta ƙaryata mu. Babi na huɗu shi ne hujjarmu mafi ƙarfi. Don a rufe bakin tela ɗaya aka rushe ta."

Ya buɗe shafin da ya naɗe. Ashe ya karanta shi sosai, har ya yi ƙirga.

"Sunan kakana sau goma sha tara. Sunan tsohon malamin nan Sati sau takwas. Wanda ya yi ɗaurin kuma, wani manomi. Wani manomi, wani manomi, sau shida. Malama, wane ne wani manomi?"

Na dubi shafin da ke gabansa.

"Na kira gida na tambaya. Duk Tudun Marke mutum ɗaya ke irin wannan ƙulli. Nomau Sarkin Noma. Mahaifin mahaifiyarki. Laifi tudu ne, Malama 'yar jarida, kin taka naki kina hangen nawa."

Sannan ya sassauta. Ya ce in cire babin, in sa layi biyu: an yi zaɓe, Malam Mika'ilu ya yi nasara. Kakansa ya kwanta, nawa ya kwanta, khalas, shi ke nan. Sunana a bangon littafi, don sunan ake so, an san ni a jarida, masu duba koken za su ɗauke shi da nauyi.

Na ce ya ba ni kwana biyar.

Laraba, 15 ga Oktoba, 6:50 na safe

Ya yi gaskiya. Abin haushin ke nan.

Alhamis, 16 ga Oktoba, 7:30 na yamma

Da ɗan koyo ne ya kawo min labari mai sunan kowa ban da na mutum ɗaya, da na jefa masa shi a cinya na tambaye shi me ke tsakaninsu. Ni kuwa wata bakwai ina wuce "wani manomi" ina gaya wa kaina cewa sunan ba shi da muhimmanci, ƙaramin hannu ne a cikin lamarin. Baba Sati ya ba da nasa sunan sau biyu ba tare da na roƙa ba. Sau biyu kuma ya ba ni ɗayan.

Ina da shekara tara Kaka ya rasu. Abin da na fi tunawa shi ne ba ya iya ganin abu a zube. Itacen girki, tsinken tsintsiya, har fensirorin makarantarmu, in ka bar su a tsakar gida za ka dawo ka tarar an haɗa su an ɗaure. Ban taɓa jin ya yi maganar siyasa ba.

Hanya biyu ce ta daidaita babin. A cire sunayen duka, ko a sa duka. Ɗazu na buɗe rubutun na gyara wurare shida. Malam Nomau, Sarkin Noman Tudun Marke. A karo na farko na ƙara: kakan marubuciyar wannan littafi. Mai karatu yana da haƙƙin ya sani.

Ban kira Inna ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba, 3:10 na rana

Ban kira Inna ba.

Asabar, 18 ga Oktoba, 10:00 na safe

Na wanke banɗaki, na goge kayan sati biyu, na jera littattafan Louisa na jinya bisa tsawo. Ta ce ko aljanu ne suka taɓa ni, in su ne tana so su zauna.

Lahadi, 19 ga Oktoba, 11:40 na safe

Na kira. Ƙarfe takwas ne a can. Muka gaisa, ƙafa, ruwan ƙarshen damina, wa ya haihu. Sannan na ce ina so in karanta mata wani abu kafin kowa ya gaya mata. Na karanta sakin layin duka, da sunan. Ta cikin wayar ina jin kajin gidan.

"Wa ya aike ki?"

"Ba kowa, Inna."

"Mutumin da ya ɗauke ki a kafaɗa zuwa gona, shi za ki kai kasuwa? Shekara talatin da uku yana kwance lafiya."

"Inna, ƙarya na rubuta?"

"Ban ce ƙarya ba ce. Cewa na yi wa ya aike ki."

Ta kashe. Na sake kira sau biyu, ba ta ɗauka ba.

Na lura ba ta musa ba. Na ji kunyar lura da hakan, amma na lura.

Litinin, 20 ga Oktoba, 12:15 na rana

Na kai wa Alhaji sabon babin. A tsaye ya karanta. Da ya zo wurin sunan ya cire tabarau ya dube ni.

"Ke kam ba ki da lafiya."

"Yanzu an yi daidai, ranka ya daɗe."

"Ni sulhu na kawo miki, ke kin je kin ƙona rumbunku don ki nuna min kina da ashana."

Ya ce kwamitin ƙungiya zai zauna ranar Asabar, su yanke.

Laraba, 22 ga Oktoba, 4:00 na yamma

An canza kalmar sirrin kwamfutar ofis. Takardun kwantenar Kano an ba Musbahu, abokin aikina da ke tebur na kusa. Ya kasa haɗa ido da ni, sai ya riƙa turo min dabino a kan takarda ba magana. Ya yi kuskuren lambar kwantena a wuri biyu. Na nuna masa da bakin biro.

Alhamis, 23 ga Oktoba, 1:00 na rana

Tun safe ina tebur, ba aiki ko ɗaya. Na zo da littafi. Babi na huɗu yana nan.

Asabar, 25 ga Oktoba, 6:10 na yamma

An zauna a ɗakin baya na wani gidan abinci a Deira. Mutum goma sha uku har da Alhaji. Takwas daga cikinsu ta kamfaninsa suke aika kaya gida. Aka ba ni minti goma, na yi bakwai. Na nuna hoton koken Jatau, na kunna muryar Baba Sati, na faɗi sunan kakana da bakina.

Izzuddeen mai sayen wayoyi ya ce, "Haba Malama, a kan zare za ki kashe mana mazaɓa?"

Na ce a kan zaren aka kashe ta tun farko.

Da aka zo yanke hukunci na roƙa a yi a takarda, kowa ya rubuta ya naɗe. Alhaji ya yi murmushi. "Mu 'yan uwa ne, ɗaga hannu ya isa. Yalla, masu cewa a cire."

Hannu tara. Wasu sun ɗaga har sama, wasu daidai kunne kamar masu korar sauro. Musbahu wayarsa ta yi ƙara, ko dai ya ce ta yi, ya fita. Masu cewa a bari: Harrison, da Hajiya Sabuwa mai safarar abaya, wadda ban taɓa wuce gaisuwa da ita ba. Alhaji ya ce, "Hajiya, har da ke?"

"Alhaji, a wancan zaɓen ko ina da rai ba za a ba ni takarda ba. Yau da aka ce in ɗaga hannu, inda na ga dama zan ɗaga shi."

Tara da biyu. Na rubuta sakamakon, don ni ce mai ɗaukar bayanin taro. Sannan na ce ƙungiya tana da iko da takardar kokenta, ta sa abin da ta so. Amma ba zan sa sunana a kan littafi mai babi biyar ba, kuma mai babi shidan zan buga shi a gida da kaina. Aka kawo shinkafa.

Litinin, 27 ga Oktoba, 7:00 na safe

Abin da ban faɗa a taron ba: mai yiwuwa Alhaji ya fi ni sanin yadda ake karanta koke a can. Mai yiwuwa wani ya ɗauki babina ya kaɗa shi a gaban masu duba koken, a yi dariya, a rufe fayil, hanyar nan ta ƙara shekara ashirin yadda take. In haka ta faru, ba ni ce zan hau bayan babur da naƙuda ba. Na juya wannan ta kowace fuska, ban samu amsar da ta wanke ni ba.

Abin da na sani kaɗan ne. Mutum dubu ɗaya da ɗari huɗu sun shiga bayan zana sun fito da takardarsu cikin hula saboda tsoro. Ana so a maido da mazaɓarsu da sunansu, amma kada a ce an taɓa yi musu haka. Ni ba zan iya wannan aikin ba.

Na rubuta shafi biyu kan ƙidaya da mazaɓun nan huɗu, ba sunan kowa a ciki, na ba Harrison ya kai wa kwamiti. Wannan ko Alhaji zai iya amfani da shi.

Laraba, 29 ga Oktoba, 2:30 na rana

Takarda biyu ya ajiye a gabana. Ta hagu shafin amincewa da littafi mai babi biyar, ta dama ta ajiye aiki da soke biza. Biro ɗaya a tsakiya.

Na ce, "Akwati biyu ke nan, sai dai babu zana."

Bai yi dariya ba. Na karanta ta daman har ƙarshe. An sa kwanan watan jiya, na nuna masa, ya gyara, na sa hannu. Kwana talatin gare ni bayan an kammala sokewa.

Na miƙe, sai ya ce, "Murjanatu." Bai taɓa kirana ba Malama ba. "Ban so ta kai haka ba."

"Na sani, Alhaji."

"Shi kakan nawa, ya sani?"

Na ce ban samu shaidar cewa shi ya ba da umarni ba, kuma na rubuta cewa ban samu ba. Abin da na samu shi ne yana cikin ajin lokacin da aka miƙa rezar, a jikin bango, bai ce komai ba. Shafi na arba'in da ɗaya.

Ya ce, "Sunaye na ƙirga. Ban karanta nan ba."

Na bar masa kwafin a kan tebur.

Litinin, 3 ga Nuwamba, 5:00 na yamma

Kamfanonin kago biyu na je yau, ɗaya a Deira ɗaya a Al Quoz. Duka biyun sun yaba takarduna, sun tambayi inda na bari, sun ce inshallah. Shekara huɗu a garin nan sun ishe ni in san irin wannan inshallah ɗin.

Alhamis, 6 ga Nuwamba, 9:20 na safe

Inna ba ta ɗauka ba. Kwana goma sha takwas.

Asabar, 8 ga Nuwamba, 4:30 na yamma

An yi wa Baba Sati ido na biyu. Ya ce yanzu ya gan ni sosai, kuma a da ya zaci na fi haka kyau. Ya sa Harrison ya ɗauko wani tsohon littafin shirin darasi daga ƙasan akwati. A bangon baya, da fensir: 140, da kwanan watan zaɓen. Hotonsa kawai na taɓa gani.

"Tafi da shi. In suka ce tsohon ya ruɗe, ki nuna musu abin da yaron ya rubuta."

Na ce amana ce mai nauyi.

"Shekara sittin da huɗu ina ɗauke da ita. Ke ko wata ɗaya ba ki yi ba kin fara ƙorafi."

Laraba, 12 ga Nuwamba, 1:15 na rana

Na yanki tikiti, Alhamis ta sama. Louisa ta yi min faɗa na minti ashirin, ta kira ni mai taurin kai da Hausa da Turanci da Larabcin asibiti, sannan ta hau kujera ta sauko min da akwatina. Musbahu ya turo saƙo cewa an haɗa shafukan nan biyu a cikin koken, kuma littafin ƙungiya zai fita ba sunan marubuci. Ya ƙara da cewa Alhaji ya rufe ƙofa ranar Litinin ya daɗe bai fito ba. Ban tambayi me yake karantawa ba.

Talata, 18 ga Nuwamba, 10:05 na safe

Saƙon murya daga Inna, daƙiƙa arba'in da takwas. Na saurara sau huɗu. Ga shi yadda ta faɗa:

"Murjanatu. An ce za ki dawo. To. Ni ban ce na yarda da abin da kike yi ba, kada ki ce na ce. Amma abin da kika karanta min akwai kuskure. Babana bai taɓa ɗauri da rama ba. Ɓawon kalgo ne. A tsakar gidanmu aka jiƙa shi cikin ƙwarya da safen ranar, ina kallo, ya tsattsaga shi siri-siri da farce. In za ki tozarta shi, ki tozarta shi daidai. Kuma ki taho min da man zafin nan na ƙafa, mai jan murfi."

Koken Jatau "a ɗaure" kawai ya ce, bai ambaci da me ba. Na kira Baba Sati. Ya ce, "Ni malamin makaranta ne, 'yata, zare dai zare ne a wurina. Bi maganar 'yar manomi."

Na gyara rama zuwa kalgo a wurare uku. A ƙasan shafi na ƙara majiya ta uku, na rubuta sunan Inna cikakke. Zan nuna mata kafin a kai maɗaba'a. A duk littafin, nata ne kaɗai sunan da zan cire in an ce in cire.